Yadda Ake Gina Samfurin Wasa a Kwamfuta Domin Tsara Tsaro

Duk wanda aka ɗora wa tsaron wuri, matsalarsa ta farko ita ce wuraren da za a kare sun fi dakarun da ke hannu yawa. Saudiyya misali ce a fili. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, bututun man da ya tashi daga Abƙaiƙ zuwa Yanbu kaɗai ya kai kimanin kilomita 1,200, ga tashoshin tace ruwan teku a gaɓar Bahar Maliya da ta Tekun Fasha, ga filayen jirgin sama da tashoshin lantarki. Babu rundunar da za ta tsaya ko'ina a lokaci guda. Kuma mai shirin kawo hari mutum ne mai ido da lissafi, yana duba inda ka tsaya don ya bi ta inda ba ka. Wannan ne ya raba tsara tsaro da tsara maganin ambaliya ko gobara, shi ne kuma dalilin da ya sa ake amfani da ilimin dabarun wasa: kowane mataki naka sai an auna shi da amsar da abokin gaba zai bayar bayan ya gan shi.

Bayanin nan domin ɗalibanmu ne da ke karatun lissafi, injiniya ko kwamfuta a Jami'ar Sarki Fahd da ke Dahran, da KAUST (Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah), da Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, musamman masu neman abin da za su yi bincikensu na kammalawa a kai. Kafin komai, ɗan'uwa, taswirar ƙage za ka yi aiki da ita. Kada ka ɗauki hoton wurin soja ko na mai, kada ka tattara bayanan masu gadin wani wuri na gaske. A ƙasar nan hakan laifi ne da kan jefa mutum cikin babbar matsala, kuma lissafin bai buƙace shi ba.

Tambaya ɗaya tak

Yawancin samfuran da suka lalace tun a nan suka lalace. "Yaya za mu kare yankin?" ba tambayar da kwamfuta za ta amsa ba ce. Wadda za ta amsu ita ce irin wannan: muna da motar sintiri ɗaya da wurare uku, yaya za mu raba zangunan dare a tsakaninsu don mafi munin asarar da za ta iya samunmu ta zama ƙarama iyakar iyawa? Rubuta tambayar a layi biyu, ka nuna wa malaminka ko wanda zai yi amfani da amsar. In bai ce "i, wannan ce shawarar da zan yanke" ba, kada ka buɗe kwamfuta.

Zaɓin da kowane ɓangare ke da shi

Al'adar fannin ita ce a kira mai karewa Shuɗi, mai kawo hari Ja. Launukan sun samo asali ne daga wasan yaƙin da Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Farusiya, tsohuwar masarauta a ƙasar Jamus, a 1824, wanda ake yi a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe masu launi, da ƙuri'a, da alƙali a tsakani.

Ka jera abin da Shuɗi zai iya yi a tsaye, abin da Ja zai iya yi a kwance, kowane gida na jadawalin ya ɗauki sakamakon haɗuwarsu. Misalin da ake koyarwa da shi tun da O. G. Haywood ya yi nazarinsa a 1954 shi ne yaƙin Tekun Bismarck na watan Maris 1943. Ayarin jiragen ruwan Japan zai tashi daga Rabaul zuwa Lae, tafiyar kwana uku, ko ta arewacin tsibirin New Britain inda ake ruwa da hazo, ko ta kudu inda sama ke garau. Janar George Kenney na Amurka kuma sai ya zaɓi inda zai tura yawancin jiragensa na leƙen asiri. In ya nemi ayarin a arewa, zai sami kwana 2 na ruwan bama-bamai ko ta ina suka bi. In ya nema a kudu, kwana 3 zai samu in sun bi kudu, kwana 1 kacal in sun bi arewa. Mafi munin abin da zai same shi a arewa 2 ne, a kudu 1, saboda haka ya zaɓi arewa. Japanawa ma da nasu lissafin arewa suka bi. An nutsar da duka jiragen dakon kaya 8 da jiragen rakiya 4. Wannan tunani na duba mafi munin sakamakon kowane zaɓi a ɗauki wanda muninsa ya fi sauƙi, shi ne abin da John von Neumann ya kafa hujjarsa a lissafi a 1928.

Haɗarin wannan mataki yana ɓangaren Ja. Kwamfuta ba ta ƙirƙiro wa abokin gaba hanyar da ba ka rubuta masa ba. Ranar 14 ga Satumba 2019 jirage marasa matuƙi da makamai masu linzami masu tafiya ƙasa-ƙasa suka faɗa wa cibiyoyin mai na Abƙaiƙ da Khurais, aka rasa kimanin ganga miliyan 5.7 a rana na ɗan lokaci, kusan rabin abin da ƙasar ke haƙowa. 'Yan Husi suka ce su ne, hukumomin Saudiyya suka ce daga arewa makaman suka fito suka ɗora wa Iran alhaki, Iran ta musanta. Abin da ya shafi mai gina samfuri shi ne, shekarun da suka gabata hankali ya fi karkata ga makaman da ake harbowa daga Yaman ta kudu. Samfurin da jerinsa ya tsaya a "hari daga kudu" zai ba ka amsa mai kyau a takarda, amma ta tambayar da ba ita ba ce. Don haka ka ba mutum biyu ko uku waɗanda ba su da hannu a tsarin Shuɗi aikin rubuta jerin Ja, ka ce musu su ƙeta.

Ɓangaren Shuɗi ma yana da zaɓin da ake mantawa: rage wa Ja hanyoyi tun kafin a fara. Waɗanda suka zauna a Madina sun san Dutsen Sal'u. A yaƙin Ahzab, shekara ta 5 bayan Hijira, duwatsun harra, wato baƙaƙen duwatsun aman wuta, da gonakin dabino da gine-gine sun tsare sauran sassan garin, sai aka haƙa gwalalo a ɓangaren arewa da ke buɗe bisa shawarar Salmanul Farisi, Allah ya ƙara masa yarda. A harshen samfuri, an goge wa Ja layuka daga jadawali, sai ƙaramar runduna ta ishi abin da ya rage. Shinge, rami, rufe hanya, raba ma'ajiya gida biyu, duk su shiga jerinka tare da kuɗinsu.

Lambobin asara

Kowane wuri ka ba shi lamba daga 1 zuwa 10 gwargwadon asarar da za a yi in an same shi. Kada ka tambayi mutum ɗaya. Tara mutum biyar zuwa bakwai da suka san aikin, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sannan a buɗe a tattauna inda aka saɓa, a sake rubutawa. In aka yi a fili tun farko, kowa lambar babba zai bi. Ka kuma ba su ma'auni iri ɗaya: rayuka nawa, kwana nawa kafin a gyara, mutum nawa za su rasa ruwa ko wuta. A ƙasar da manyan biranenta ke dogaro da ruwan teku da aka tace, tashar ruwa kan fi abin da kuɗin gininta ke nunawa daraja nesa ba kusa ba.

Lambobin nan gwargwado suke nunawa, ba jeri kawai ba. In ka ba wani wuri 10 wani 5, kana cewa asarar na farko ninki biyu ce ta na biyu, kuma lissafin zai ɗauke ka da maganarka.

Warware shi da hannu tukuna

A nan ne ya kamata ka daɗe, domin wanda bai iya fitar da amsar wurare uku da biro ba, ba zai gane ranar da kwamfuta ta yi masa ƙarya ba.

Ga taswirarmu ta ƙage: tashar ruwa mai daraja 10, rumbun mai 6, gada 3. Motar sintiri ɗaya. Mu ɗauka da farko duk inda motar take hari ba ya cin nasara, kuma Ja ya daɗe yana lura da mu, ya san kashi nawa na dare muke yi a kowane wuri, sai dai bai san inda za mu kwana yau ba. Irin wannan wasa, inda ɗaya ke fara ɗaure kansa da tsari ɗayan ya gani ya amsa, shi ake jingina wa Heinrich von Stackelberg, masanin tattalin arzikin Jamus da ya bayyana shi a 1934.

In muka ajiye motar a tashar ruwa kullum, Ja zai tafi rumbun mai, asara 6. In muka raba daidai, sulusi-sulusi, tashar ruwa za ta zauna babu kowa kashi biyu cikin uku na dare, asarar da ake tsammani 10 sau biyu bisa uku, wato 6.67. Ka ga adalcin rabo ya fi zama wuri ɗaya muni. In muka raba gwargwadon daraja, 10 da 6 da 3 cikin 19, wanda shi ne abin da yawancin mutane ke cewa da an tambaye su, asarar tashar ruwa za ta zama 10 sau 9 bisa 19, wato 4.74. An samu sauƙi, amma ba a kai ba.

Amsar gaskiya tana fitowa ne in ka daidaita wuraren har Ja ya rasa wanda ya fi masa riba. Kira kason tashar ruwa a, na rumbun mai ya zama 1 − a. Asarar tashar ruwa 10(1 − a) ce, ta rumbu 6a. Daidaita su: 10 − 10a = 6a, a = 0.625. Wato dare 5 cikin 8 a tashar ruwa, 3 cikin 8 a rumbu, asara 3.75 ko ta ina ya zo. Gadar fa? Ba ta samu ko dare ɗaya ba, kuma daidai ne, domin ko an bar ta buɗe 3 kawai Ja zai samu, ƙasa da 3.75. Wannan sakamako kan yi wa shugabanni ɗaci, kuma dole ka iya bayyana shi da baki: duk daren da ka kai motar gada, ka ƙara wa manyan wuraren biyu rauni ne don kare abin da mai hankali ba zai zaɓa ba.

Yanzu taɓa lambobin ka ga yadda amsar ke motsi. In darajar gada 5 ce ba 3 ba, ta shigo rabo: tashar ruwa 0.571, rumbu 0.286, gada 0.143, asara 4.29. In aka koma darajojin farko aka ƙara mota ta biyu, rabon ya zama 0.833 da 0.722 da 0.444, asara ta sauko 1.67. Wannan bambanci na 3.75 zuwa 1.67 shi ne hujjar da ake kai wa mai riƙe da kasafi, ya fi duk wani dogon jawabi. In kuma motar kashi 70 cikin 100 kawai take daƙile harin da ya same ta a wurin, wanda ya fi kusa da gaskiya, asarar kowane wuri za ta zama darajarsa sau (1 − 0.7 sau kasonsa), rabon ya koma 0.732 da 0.268, asara kusan 4.9. Lura cewa raunin mai gadi yana tura shi ya ƙara zama a wuri mafi daraja.

Kai shi kwamfuta

Python ta isa, da SciPy ko PuLP, duka kyauta. Gurobi da CPLEX sun fi ƙarfi kuma suna da lasisin ɗalibai, amma sai wurare sun kai ɗaruruwa za ka ji bambanci. Gambit da Nashpy na da amfani wajen duba ƙananan jadawali.

Tsarin shi ne: kowane wuri yana da kaso tsakanin 0 da 1. Jimillar kasonnin kada ta wuce yawan motoci. Akwai lamba ɗaya, kira ta L, wadda dole ta kai ko ta fi asarar kowane wuri. Ka ce wa kwamfuta ta nemo L mafi ƙanƙanta. Shi ke nan, layi 20 zuwa 30 ne. Inda ake tuntuɓe shi ne linprog, umarnin SciPy mai warware irin wannan lissafi, ba ya karɓar sharaɗin "sama da ko daidai", sai "ƙasa da ko daidai" ko "daidai", don haka sharaɗin L sai an juya alamominsa. Mai mantawa da wannan kan ga amsar sifili ko'ina ko saƙon cewa babu mafita. Gwajin farko ko da yaushe shi ne misalin hannu: in bai ba ka 0.625 da 0.375 da 0 ba, kada ka ƙara wuri na huɗu.

Kada ka jera kowane irin rabon motoci a matsayin zaɓi mai zaman kansa. Motoci 10 a wurare 100 suna da hanyoyin rabo sama da tiriliyan 17. Aiki da kason kowane wuri ya mai da su lambobi 100 kawai.

Duk abin da ya gabata ya ɗauka cewa asararka ita ce ribar Ja daidai wa daida. Sau da yawa ba haka ba ne. Mai neman suna a kafafen labarai na iya fifita wurin da kowa zai gani a kan wurin da ya fi maka ciwo. In haka ne, kowane wuri lambobi huɗu zai ɗauka: naka in an kare, naka in ba a kare ba, nasa in an kare, nasa in ba a kare ba. Hanyar warwarewa da Conitzer da Sandholm suka nuna a 2006 ita ce a yi lissafin sau ɗaya ga kowane wuri, ana ɗauka cewa shi Ja zai zaɓa, tare da sharaɗin cewa ya fi masa sauran riba, sannan a ɗauki wanda ya fi wa Shuɗi kyau. A kan irin wannan tunani ƙungiyar Milind Tambe ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta gina tsarin kwamfuta mai suna ARMOR, wanda aka fara amfani da shi a filin jirgin Los Anjelis a 2007 wajen tsara shingayen bincike da sintirin karnuka, sai IRIS na jami'an tsaron cikin jirage a 2009, da PROTECT na dakarun gaɓar teku a Boston a 2011.

Daga kaso zuwa jadawalin duti

Kwamanda ba ya tura mota da 0.625. Jadawali yake so. Kuskuren da ke rusa aikin gaba ɗaya shi ne a ce dare biyar a nan, uku a can, a maimaita. Cikin wata guda mai lura ya haddace shi. Kowane dare sai an jefa ƙuri'a sabuwa: a ciro lamba tsakanin 0 da 1, in ta gaza 0.625 tashar ruwa, in ta wuce rumbu. Wani lokaci ƙuri'a za ta faɗa wuri ɗaya dare bakwai a jere, jami'in duti ya ce wannan ba daidai ba ne ya gyara da hannu. Gyaran nan shi ne ɓarakar, domin ɗan Adam in ya so yin abu barkatai yakan guji maimaici, mai lura kuma ya san haka.

In motoci biyu ne, ga dabara mai sauƙi. Jera kasonnin a kan layi mai tsawon 2: tashar ruwa daga 0 zuwa 0.833, rumbu daga nan zuwa 1.555, gada zuwa 2. Ciro lamba ɗaya ƙasa da 1, mota ta farko ta tafi inda lambar ta faɗa, ta biyu inda lambar da aka ƙara wa 1 ta faɗa. Lamba 0.3 ta ba da tashar ruwa da rumbu, 0.7 tashar ruwa da gada, 0.9 rumbu da gada. Motocin ba za su taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba, kuma kowane wuri zai sami kasonsa.

Wajen gwaji ka ɗaure lambar da ƙuri'ar ke farawa daga gare ta (seed) don kowa ya iya maimaita sakamakonka. Wajen fitar da jadawalin gaske kuwa akasin haka ake so, sai a yi amfani da secrets na Python maimakon random, kuma kada jadawalin ya fita da wuri ya yi ta yawo a WhatsApp.

Sai ka duba ko jadawalin zai yiwu a ƙasa. Wurare biyu da ke da tazarar awa uku ba za su shiga zango ɗaya ba. Zafin Yuli a gabashin ƙasar kan haura digiri 45, ba a barin mutum a fili yadda ake barinsa a Janairu. Guguwar rairayi na rage abin da kyamara ke gani. Lokutan salla, canjin masu duti, buɗa-baki a Ramadan, hutun Juma'a da Asabar, duk lokuta ne sanannu ga kowa har da Ja. Raba dare zuwa zanguna na awa biyu ko huɗu, ka ɗauki kowane wuri a kowane zango a matsayin abin kariya na daban mai tasa darajar.

Kwaikwayo: daga ina 70 cikin 100 ɗin ta fito?

Lambar nasarar mai gadi ba daga sama ake ɗauko ta ba. Ana samunta ne ta hanyar kwaikwayon harin sau da yawa a kwamfuta, kowane karo da ƙuri'a a kan abubuwan da ba su da tabbas: an hango ko ba a hango ba, minti nawa kafin agaji ya iso, makami ya samu ko ya kuskure. Hanyar Monte Carlo ke nan, wadda Stanislaw Ulam da von Neumann suka fara a Los Alamos a shekarun 1940. NetLogo ko Mesa sun dace in kana son ganin motoci na yawo a taswira. Gudu 1,000 na ba ka amsa da kuskuren kusan maki 3 cikin 100 sama ko ƙasa, gudu 10,000 ya rage shi zuwa maki 1. Raba kuskure biyu na buƙatar ninka gudu huɗu.

Ga inda lissafin sama-sama ke yaudara, a misalin kariyar sama. A ce kowane makamin kakkaɓo yana samu kashi 80 cikin 100. Harba biyu ya ba da 96. Abin sha'awa. Amma in abubuwa 10 suka taho tare, yiwuwar a kakkaɓo duka ita ce 0.96 sau kanta sau goma, kimanin kashi 66. Kuma an ɗauka cewa makaman biyu ba su da alaƙa da juna, alhali rada ɗaya suke dogaro da ita. In radar kashi 90 take hangowa, nasara a kan kowane ɗaya ta koma 0.864, a kan goman kuma kashi 23 kacal. Ga kuma batun rumbun makamai: an kashe makamai 20 a hari ɗaya, kowanne na miliyoyin daloli in irin Patriot ne, a kan jirage marasa matuƙi da kuɗinsu bai kai ko kusa ba. Samfurin da bai ƙirga makaman da suka rage bayan zagaye na uku ba, bai gama aikinsa ba.

Game da arangamar runduna da runduna, za ka ci karo da lissafin Frederick Lanchester na 1916, wanda ke cewa ƙarfin runduna mai harbi da saiti yana tafiya da yawanta sau kanta. Dakaru 1,000 da 800 masu ƙwarewa ɗaya, na farko su yi nasara da saura 600. Amma in 800 ɗin suka sami 1,000 a rabe gida biyu suka bi su ɗaya bayan ɗaya, su ne za su ci da saura kimanin 374. Yana da kyau wajen fahimtar illar rarraba ƙarfi. Kada dai ka yi hasashen yaƙin gaske da shi, bai san tsoro ba, bai san tudu da kwari ba, bai san ƙarewar harsashi ba.

Mutane a tebur

Bayan kwamfuta ta ba da tsari, sai a gwada shi da mutane masu neman karya shi. Ɗaki biyu ko labule a tsakani, taswira iri ɗaya a kowane ɓangare, mutum uku zuwa biyar a kowace tawaga, alƙali ɗaya da mai rubutu ɗaya. A ba Ja tarihin sintirin wata biyu da samfurin ya fitar, kamar yadda mai leƙen asiri zai tara. Kowane zagaye ɓangarorin su rubuta umarninsu a takarda cikin minti 15, alƙali ya yanke sakamako da teburin yiwuwar da kwaikwayo ya fitar, ya gaya wa kowa abin da zai iya gani kawai. Zagaye shida zuwa takwas sun isa yini guda. Mai rubutu ya riƙa ɗaukar dalilin kowane mataki, domin dalilan ne amfanin atisayen, ba wanda ya ci ba. Da irin wannan wasa a daɓen ɗaki, da alli da zare, sashen Kyaftin Gilbert Roberts a Libaful ya fito da dabarun kare ayarin jiragen ruwa daga jiragen ƙarƙashin teku na Jamus tun daga 1942, kuma yawancin masu gudanar da shi 'yan mata ne na rundunar ruwa.

Cutar da ke kashe atisaye ita ce babba ya ƙi yarda a ci shi. A wasan da Japanawa suka yi kafin yaƙin Midway a 1942, an ruwaito cewa ƙuri'a ta nuna an nutsar da manyan jiragen ruwansu biyu masu ɗaukar jiragen sama, sai Admiral Ugaki ya rage yawan bama-baman da suka samu. A watan Yuni suka rasa huɗu. A atisayen Millennium Challenge na Amurka a 2002, Janar Paul Van Riper mai jagorantar Ja ya yi amfani da masu babura wajen aika saƙo da tarin ƙananan jiragen ruwa da makamai masu linzami, ya nutsar da jirage 16 a farkon wasan. Aka dawo da jiragen, aka ɗaure masa hannu da sharuɗɗa, ya ajiye jagorancin. Dawo da jirage don a ci gaba da horo ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar darasin bai shiga rahoto ba. Don haka alƙali kada ya kasance a ƙarƙashin shugaban Shuɗi, kuma duk dabarar da Ja ya ci da ita a mayar da ita jerin zaɓinsa a sake lissafi daga farko.

Atisayen zai kuma nuna maka cewa mutane ba kullum suke zaɓar abin da ya fi musu riba ba. Wani zai kai wa gada hari don kawai ya ga babu kowa. Akwai gyara kan haka da ya samo asali daga aikin McKelvey da Palfrey na 1995, inda ake ɗauka cewa Ja na karkata ga wuri mai riba amma yana iya zaɓar wani. Da shi gada kan sami ɗan kaso maimakon sifili.

Girgiza lambobi, sannan rahoto

Kafin ka miƙa komai, ɗauki kowace lamba ka ɗaga ta da kashi 20 cikin 100, ka sauke ta da 20, ka sake gudu. Waɗanda amsar ba ta damu da su ba, bar su. Waɗanda ke juya ta, kamar darajar gada da ke sauya rabo da zarar ta haura 3.75, su ne za a koma wa masana a kansu. Ka kuma gwada tsarinka a kan Ja iri uku: mai cikakken lissafi, mai kuskure, da wanda darajojinsa suka saɓa da naka. Tsarin da ya zo na biyu a duka ukun ya fi wanda ya zo na ɗaya a guda ya rushe a sauran.

Shafin farko na rahoto ya ɗauki tambayar, da rabon da ake ba da shawara, da asarar da ake tsammani idan aka kwatanta da tsarin da ake bi yanzu, da abubuwa uku ko huɗu da aka ɗauka waɗanda in sun sauya amsar ta sauya. Rubuta "tsakanin 3.5 da 4.3" maimakon "3.75", domin lamba mai ɗigo biyu na sa mai karatu ya zaci an auna ta da sikeli. Lissafi da lambar kwamfuta su koma rataye a baya. A ƙasan shafin farkon ka sa ranar da aka tattara darajojin da ranar da za a sake duba su, wata uku ko shida, ko kuma nan take in an ƙara wuri, an rage mota, ko an ga Ja da wani makami da babu shi a jerin.